Bashin da Na Karɓa a Hannun Wanda Bai Ci Ba

A unguwar Birni aka haife ni, cikin garin Damagaram, a shekarar 1966, a wani gidan ƙasa da ba shi da nisa da fadar Sarki. Mahaifina baduku ne, mutum mai ƙarancin magana wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin fata da basilla, ni kuwa tun ina ɗan lakwal hankalina yana kasuwa, saboda haka da na kai aji shida sai na ajiye littafi na bi ƴan tireda. Labarin da zan bayar ya shafi wani mutum da na ƙullata shekara 25, kuma zan sakaya sunansa domin ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa kuma suna nan cikin gari, suna da haƙƙin a rufa musu asiri.

Makarantar allo ɗaya muka yi da shi, bulalar malami ɗaya muka sha, akushi ɗaya muke sa hannu, har mahaifiyata ba ta ɗebo mini tuwo sai ta haɗa da nasa. Tare muke hawan duwatsun garin, daga can muna hangen tsohon barikin da Faransawa suka sa wa sunan Kazamaju, hafsansu da aka kashe a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Kakana yakan ce da suka dawo a 1899 suka ci yaƙi a Tirmini, suka bi Sarki har suka kashe shi, duk wannan bai ishe su ba sai da suka liƙa sunan mamacinsu a bisa dutse, inda duk Badamagaren da ya ɗaga kai zai tuna abin da ya kawo su. Mu dai a lokacin damuwarmu ita ce wa zai riga wani kaiwa ƙololuwa.

A ƙarshen 1993 muka haɗa jari, kowa ya kawo jika 900, wadda a wajena tarin shekara bakwai ce, har da kuɗin wata saniya da mahaifiyata ta sayar ta ƙara mini. Muka ba da saƙon atamfa ta hannun wani mai zuwa Kwatano, mafi yawanta ƴar Holan, da niyyar mu ajiye ta sai azumi ya kama, lokacin da magidanta ke neman kayan Sallah. Shi ya karɓi kayan, shi ya ƙirga, ya ce mini turmi 140 ne, muka zuba su a wani ɗakin ajiya kusa da Kasuwar Dole. Ba mu rubuta komai ba, ba mu kira shaida ba, domin da a ce na nemi takarda a wajensa a wancan lokaci, da mutanen gidanmu ma sun ce na raina zumunci. A farkon watan Janairu mahaifiyata ta kwanta, na tare a asibiti ina jinyarta mako uku, makulli yana hannunsa.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari da labarin an karya darajar sefa, bayan taron da shugabannin ƙasashe suka yi a Dakar, faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya tashi, mai kaya a ajiye ya tashi da riba ba tare da ya motsa ba, mai tsabar kuɗi a hannu kuwa ya kwana da jarinsa ya tashi da rabi. Ina zaune a bakin ɗakin marasa lafiya ina jin rediyo, cikin raina ina hamdala cewa namu jarin yana cikin kaya. Bayan kwana biyu sai ga abokina da ledar lemo, fuskarsa a murtuke kamar wanda aka yi wa rasuwa, ya zauna kusa da ni ya ce tsautsayi ya faɗa mana, wai kwana huɗu kafin a karya kuɗi wani ɗan kasuwa daga Daura ya taya kayan duka da ƴar riba, shi kuma ya ga ina buƙatar kuɗin magani sai ya sallama. Ya miƙo mini jika 960 a cikin ambulan. Na karɓa, na yi masa godiya, har na shiga rarrashinsa ina ce masa kada ya zargi kansa, haka Allah ya ƙaddara mana.

Sai bayan Sallah ƙarama wani ɗan dako da muka saba ya tare ni, cikin raha yake ce mini ban ba shi goron ribar da muka ci ba, alhali shi ya yi ta kwashe mana atamfa da dare a goman tsakiya na azumi. Na sa shi ya maimaita, ya maimaita, har ya gaya mini shagunan da aka kai kayan. Na kai ƙara wajen dattawan kasuwa, suka kira shi, ya tsaya a kan maganarsa, ɗan dakon kuma da ya ga abin ya girma sai ya ce ƙila kayan wani ne ya ɗauka. Babu takarda, babu shaida, abin da ya rage shi ne rantsuwa, kuma abokina ya ce a kawo Alƙur'ani zai dafa. A daren nan mahaifina ya kira ni zaurensa ya ce: “Ɗana, idan ka sa shi ya dafa Littafi a kan ƙarya, abin da zai same shi ba za ka so ka gani ba, kuma ƴaƴansa ba su ci maka komai ba. Ka bar shi da Allah.” Na ce to, Baba. Da baki na ce Allah ya isa, amma ajiyar da na ce na ba Allah, makullinta na bar shi a aljihuna.

Kuɗin da ya ba ni ba su iya sayen rabin abin da suke saye a da ba, ciwon mahaifiyata ya ci wani kaso, auren da aka sa mini bayan Sallah ya tashi sai 1996, ni kuma na koma tuƙin kabu-kabu da babur ɗin haya shekara uku. Duk wannan wahala ce da na ga wasu sun sha irinta sun manta. Abin da ya ƙi barina shi ne godiyar da na yi masa a bakin asibiti. Ina kan babur cikin ƙurar hunturu sai abin ya faɗo mini, in ga kaina ina dafa kafaɗarsa ina ba shi haƙuri, in ƙiyasta abin da yake faɗa a ransa a daidai wannan lokaci, sai in ji wuyana ya ɗaure. Asara ana yi a kasuwa kullum, ɓarawo ma yakan fasa shago a kwana biyu a shafe zancen, amma wanda ya dube ka ya auna hankalinka ya ga za ka haɗiye ƙaryarsa har ka gode, ya gaya maka matsayinka a wajensa, kuma wannan matsayin ne mutum yake so ya goge ko da zai ƙara asara a kan asara.

Ban yi gaba da shi a fili ba, domin na san haddin da addini ya sa na kwana uku. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wajen jana'iza da ɗaurin aure, in ba shi hannu, in tambayi iyali, shi ma ya tambayi nawa. Amma babu wani abu da ya same shi a shekarun nan da ban sani ba. Na san ranar da ya sayi fili, na san shekarar da ya je Makka, na san lokacin da wasu kaya nasa suka salwanta a hanyar Kano bashi ya biyo baya, har ya sayar da shagonsa. Mutane suka riƙa zuwa suna ce mini ka gani ko, wanda ya ci amana amana za ta ci shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, sai dai daɗin bai kai kwana biyu ba, saboda faɗuwar tasa ba ta hannuna ta biyo ba, kuma ina da yaƙinin shi a wajensa ƙaddarar kasuwa ce kawai wadda ba ta da alaƙa da turmi 140.

Ni kuwa Allah ya buɗa mini ta hanyar hatsi. Na fara da awo tiya-tiya, na koma sayen buhuna a kasuwannin Mirya da Matamaye da kaka ina ajiyewa, har na sami rumfa tawa. Da fara ta ci amfanin gona a 2004, damina kuma ta yanke da wuri, sai 2005 ta zo da yunwar da duk wanda ya gan ta ba ya son tuna ta, farashin buhu ya ninka ya wuce, mata daga ƙauyuka suka cika gari da yara a goye. Wata ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, bayan la'asar sai ga shi ya zo rumfata tare da babban ɗansa, yaro ɗan shekara 15. Ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ce rabin buhu yake so bashi zuwa kaka. Shekara 11 ina shirya abin da zan gaya masa a irin wannan rana, amma abin da na yi bai cikin shirin. Na ɗaga murya yadda rumfuna uku na kowane gefe za su ji, na kira yarona na ce a fito wa Alhaji da buhu guda cikakke, kada a rubuta, sadaka ce, ai mun san halin da gidansa yake ciki. Mutane suka juyo. Ya tsaya shiru kaɗan, sannan ya ɗaga hannu ya yi mini doguwar addu'a, yaron ya tura amalanke suka tafi.

A ranar na sha yabo, har wani dattijo ya ce mai haƙuri ya dafa dutse, ni kuwa na koma gida na kasa cin abinci. Na yi duka da iyakar ƙarfina, wanda na doka ya ce na gode. Buhun hatsi a shekarar nan ba ƙaramar dukiya ba ce, na bayar da shi domin in sayi abu guda, wato in ga ya sunkuyar da kai ya gane, ban samu ba, ladan sadakar kuma na san na zubar da shi da bakina tun kafin a ɗora buhun a amalanke.

Dama ta biyu ta zo a 2013, kuma wannan ita ce dalilin rubutun nan. Yaron da ya tura amalanke ya girma, ya zama mai gyaran babura a bakin titi, kowa yana yaba gaskiyarsa, ni kaina na taɓa aika masa babur ɗin ɗana ya gyara ya dawo da canji. Ya nemi auren ƴar wani abokin sana'ata, an kai gaisuwa, saura bincike. Uban yarinyar ya same ni a rumfa bayan azahar, ya ja ni gefe ya ce: “Alhaji, kai ka tashi da uban yaron nan, ba ni da wanda zan tambaya ya fi ka. Don Allah ka gaya mini gaskiya, in ba su ƴata?” Ban yi wa yaron ƙarya ko ɗaya ba, kuma da wannan na daɗe ina yaudarar kaina. Na dai yi ajiyar zuciya, na ce ni ba na son shiga maganar aure, sannan na ba shi labarin atamfa daga farko har ƙarshe, na rufe da cewa yaro dai ban san shi da wani aibu ba, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bayan mako biyu aka mayar musu da kayansu, aka ce an yi istihara ba ta yi kyau ba.

Yaron bai yi wata biyu ba ya sayar da kayan aikinsa ya hau motar Agadas. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar rediyo ta ba da labarin gawarwaki 92 da aka tsinta a sahara kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, akasarinsu mutanen yankin Kance a nan jiharmu, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Na san an ce shi hanyar Libiya ya nufa ta Dirku, ba wannan ba, amma dare uku ban runtsa ba, ina ta lissafin ranar da ya tashi da ranar da ya kamata ya isa, sai da na ji a bakin wani cewa ya kira uwarsa daga Sabha. Ubansa kuwa na gan shi a masallaci ya rame, ya ba ni hannu kamar kullum, har ya ce in sa yaron a addu'a. Bai san ni ne ba. Shekara 19 ina dako, na rama, ramuwar kuma ta wuce ta gefensa ta faɗa kan wanda yake ɗan shekara huɗu lokacin da aka cuce ni. Daga nan tunaninsa ya ninku a kaina, domin da mutum ɗaya nake kwana da shi a zuciya, yanzu sun zama biyu.

Babbar ƴata ta yi karatun ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Da ta zo hutu a 2018, wani dare muna tsakar gida saboda zafi, ƙannenta biyu suka yi faɗa a kan rabon tsire, ƙaramin ya ture nasa ƙasa don an ba shi kaɗan. Ta yi dariya ta ce, Baba, wannan ai a aji muka karanta shi. Ta ce akwai wani gwaji da masana suka daɗe suna yi tun 1982, inda ake ba mutum kuɗi, a ce misali jika goma, a ce ya raba da wani yadda ya ga dama, da sharaɗin idan ɗayan ya ƙi karɓa to dukansu sun rasa. A lissafin kasuwa ko jika ɗaya aka ba ka gara ka karɓa, amma mutane da yawa idan aka miƙa musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sai su ƙi, su gwammace su tashi hannu wofi muddin mai rowar ma zai tashi haka. Ta ce a 2004 wasu masana a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ci amanarsu a wani wasa na kuɗi, suka ga a daidai lokacin da mutum yake yanke shawarar hukunta wanda ya cuce shi, sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan ana sa ran samun abin daɗi shi ne yake motsawa.

Na yi kamar ina tsokanarta, na ce to ashe ramuwa magani ce. Ta ce a nan ne abin yake da ban mamaki, domin a 2008 wasu masana a Amurka sun gwada, suka raba waɗanda aka cuta kashi biyu, aka ba wasu damar ramawa aka hana wasu. Kowa ya ɗauka wanda ya rama shi zai huce, amma sai aka tarar waɗanda suka rama su suka ci gaba da juya maganar macucin a ransu, ransu kuma ya fi ɓaci, waɗanda ba su sami dama ba kuwa suka rage wa abin girma suka wuce. Sannan ta ambaci wani Bajamushe mai suna Mario Gollwitzer, wanda bincikensa ya nuna ganin macuci yana shan wuya shi kaɗai ba ya gamsar da wanda aka cuta, gamsuwar tana zuwa ne idan macucin ya nuna ya gane dalilin da ya sa abin ya same shi. Ta ci gaba da surutunta, ni kuwa na tashi na ce zan yi alwala, na shiga bayan gida na tsaya da buta a hannu ban zuba ruwa ba. Yarinyar ba ta san komai game da ni da mutumin nan ba, har yau ban tabbata ta haɗa zaren ba, amma ta karanto mini buhun 2005 da auren 2013 kamar tana wurin. Maganar kakana ta barikin Kazamaju ita ma ta dawo mini, na ga ashe Nasara da ya kashe bai gamsu ba sai da ya rubuta dalili.

Ba na cikin masu cewa son ramuwa duka aikin Shaiɗan ne. Na yi shekara fiye da 40 a kasuwar da yawancin cinikinta babu takarda, kuma na san abin da ke riƙe da amana a wurin, bayan tsoron Allah, shi ne sanin cewa wanda ka cuta ba zai yi shiru ba kuma jama'a za su taya shi. Zafin da mutum yake ji idan an raina shi shi ne mai gadin mutuncinsa. Da na kai maganata wajen wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa, shi ma bai ce mini fushina haramun ba ne. Ya ce shari'a ta halatta ƙisasi, ta ce a cikinsa akwai rayuwa, amma ta ɗaure shi da igiya: a rama daidai da abin da aka yi, a kan wanda ya yi, ta hannun hukuma, domin wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Ya ba ni labarin Sayyidina Abubakar, wanda ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, har aya ta sauka a Suratun Nur ta sa ya mayar masa da ciyarwar. Ya ba ni na Wahshi wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, yadda Manzon Allah (SAW) ya karɓi Musuluncinsa amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi, ya ce ka ga ba a ɗora wa mai yafiya sai ya daina jin ciwo ba. Sannan ya dube ni ya ce: “Alhaji, ka san hadisin da ya ce wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi? Mutumin nan ya ci amanarka a kan atamfa, kai kuma ka ci amanar mutum biyu a kan aure. Ka je ka nemi naka, ka kuma biya nasu.”

Na yi shekara guda ina ɗagawa. Sai a watan Sha'aban na 2019, da na ji ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, na tafi gidan da suka koma haya a Garin Malam. Na tarar da shi a kan tabarma a ɗan ƙaramin ɗaki, bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Bayan gaisuwa na ce masa na zo ne a kan maganar da muka bari tun 1994, maganar turmi 140. Na zaci zai musa, ko ya ce ya manta, na ma shirya amsar kowanne. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce: “Ba 140 ba ne. 160 ne. Ashirin ɗin tun ranar da kaya suka iso na cire su.”

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba sai da abin da ɗan dako yake ji idan an sauke masa kaya, wuya ya yi sakayau amma ƙafa tana rawa. An gaya mini an cuce ni fiye da yadda na sani, kuma maimakon fushi sai sanyi ya sauko mini, domin wannan ne karo na farko cikin shekara 25 da wani ya tabbatar mini ba mafarki na yi ba, kuma mutumin da na ɗauka ya shafe ni daga lissafinsa ashe yana riƙe da adadin fiye da ni. Ya ce tun ranar da ya ce a kawo Alƙur'ani yake fargabar in yarda. Ya ce ranar buhun hatsi ya fahimci duk abin da nake nufi tun kafin in rufe baki, amma yara sun kwana biyu suna cin dusa da ganye, mai wannan hali ba ya da fuskar da zai tsare, shi ya sa ya yi addu'a ya tafi, kuma a ransa ya ce ya cancanci fiye da haka. Ashe saƙon ya isa tun shekara 14 da suka wuce, ni ne ban sami labari ba. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma wannan karon na ji kalmar ta fito daga inda ya kamata ta fito.

Da a nan na tashi da na koma gida da sauƙin zuciya. Amma malam ya ce biyu ne, saboda haka na gyara zama na gaya masa abin da na faɗa wa uban yarinya a 2013, ban rage ko karin maganar barewa ba. Bai ce komai ba. Ya yi ta ƙoƙari da hannunsa mai lafiya har ya juya fuskarsa bango. Sai na ji motsi a bayan labule, ashe matarsa tana tsaye tun ɗazu da kwanon ruwan da ta kawo mini. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce: “Alhaji, shi ya ci maka, mun ji. Yaron me ya ci maka?” Na buɗe baki na rufe. Ta ajiye ruwan a gabana, domin baƙo baƙo ne, ta koma ciki.

Ya rasu a shekarar da ta biyo baya, ina cikin sahun farko a jana'izarsa, ɗansa bai samu zuwa ba. Na je wajen uban yarinyar na warware abin da na ƙulla, na ce masa yaron nan babu kamarsa a gaskiya kuma na san haka ranar da ya tambaye ni, ya dube ni kawai ya ce ƴarsa tana ɗakin wani da ƴaƴa uku, me zai yi da wannan magana yanzu. Sai da na aika sau uku kafin uwar ta ba ni lambar yaron. Na kira shi wani dare bayan isha'i, yana Sabha har yanzu, yana aikin gini, bai yi aure ba. Na gabatar da kaina, na fara bayani, ya ce ba sai na wahala ba, Inna ta gaya masa. Na ce ina neman gafararsa, kuma idan zai dawo zan buɗe masa wurin gyara da kuɗina, da duk abin da aure zai ci. Na ji shiru mai tsawo har na duba ko layin ya yanke. Sannan ya ce: “Baba, ni na tura amalanken nan ranar Alhamis. Tun daga kasuwa har gida mutane suna kallonmu, mahaifina yana gaba bai waiwayo ba ko sau ɗaya.” Na ce na sani, ɗana. Ya ce zai yi tunani, ya kashe wayar. Na sake kira da Sallah babba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.